Jan Hankali ko Wayo?

'Yan'uwa ɗalibai, ga wata tambaya da ta cancanci mu zauna a kanta. In mai ba da shawara ya koyi hanyar da zai sa mashayi ya faɗa da bakinsa cewa yana son barin giya, shin taimakonsa ya yi, ko kuwa wayo ya yi masa?

Wannan hanya tana da asali. A 1982 William Miller, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar New Mexico ta Amurka, ya zauna a wani asibitin mashaya kusa da birnin Bergen na ƙasar Norway. Matasan ma'aikatan wurin suka riƙa tambayarsa dalilin kowace kalma da yake faɗa wa mai jinya, har amsoshinsa suka zama maƙalar da ya buga a 1983. A 1991 kuma suka fitar da littafi shi da Stephen Rollnick.

Abin da suka lura da shi shi ne, mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce, yana so ya bari, yana kuma so ya ci gaba. In ka tsaya kana jera masa illar giya, sai ya ɗauki ɗaya ɓangaren yana kare ta, kuma da ya ji kansa yana kare ta, sai ya ƙara kafewa. Nasiharka ta zama gyaran gangar Auzinawa ke nan. Saboda haka ake horar da mai ba da shawara ya danne ɗokin gyara mutum, ya yi tambaya, ya saurara, ya maimaita masa abin da ya ji. Maimakon "Ka bari," sai ya ce, "Malam, me kake tsoron rasawa in aka ci gaba haka?" Horon nan ba ya samuwa a bita ta kwana biyu. Binciken Miller da abokan aikinsa na 2004 ya nuna ƙwarewar ta fi ɗorewa in ana sauraron hirar ma'aikaci ana yi masa gyara.

To, mai suka zai ce ai tun farko ma'aikacin ya san inda yake son kai mutumin, tambayoyin nasa tarko ne. Maganar tana da nauyi, domin ɗan kasuwa ma yana iya aron dabarar ya sayar da hajarsa. Amma a ganina abu biyu ke raba su. Na farko, dalilin da aka jawo na mutumin ne, ba dasa masa aka yi ba: 'ya'yansa, lafiyarsa, mutuncinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, dole ma'aikaci ya yarda har zuciyarsa cewa mutumin yana da ikon cewa a'a, ya kuma tashi ba a wulaƙanta shi ba.

Duk wanda ba zai iya jure wannan a'a ba, ko da ya haddace dabarun duka, wayo yake yi.