Tsomi Ɗaya Ba Ya Rina Zane

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin karofi ba, zai ɗauka cewa da an tsoma farin ƙyalle a ruwan baba shi ke nan, sai ya fito shuɗi. Je ka marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, ka zuba ido. In marini ya ɗago zane, kore-kore yake fitowa, launin da ko kyauta ba mai so. Sai ya sha iska sannan ya soma rikiɗa a gabanka. Shuɗin farkon ma ba shi da ƙarfi. A mayar, a ɗago, a matse, a ba iska, a sake mayarwa, har hannun marinin ya rine zuwa gwiwa.

Kafin a kai nan ma an sha jira. Baba da toka ake zubawa a ramin, a bar su su jiƙa su yi tsami, kullum ana damawa da doguwar sanda ana duba kumfa. Ga wari, ga kwanaki suna wucewa ko sisi bai shigo ba. Zanen da ya gama shan rini kuma mabuga ke jiransa. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, mai ƙyallin nan da ke ɗaukar ido, shuni aka shafa masa, aka shimfiɗa shi a kan gungume aka yi ta jibga.

Da yawa daga cikin yaranmu a koren nan suke gudu. Yaro ya yi wata uku a wurin tela, ɗinkinsa na karkacewa, maigida ya sa shi ya farke, sai ka ji ya ce sana'ar ba ta karɓe shi ba. Alhali yanzu aka ɗago shi, ko iska bai sha ba.

Amma ban yarda da masu yi wa kowace wahala kirarin bayan wuya sai daɗi ba. Ruwan baba yana mutuwa. In ya mutu, ko ka kwana kana tsomi zanen ba zai kama ba, kuma marinin kirki ba ya kiran wannan haƙuri. Akwai mai shekara goma a kan harkar da ta daɗe da mutuwa, yana cin bashi yana toshe rami, 'yan'uwa na ce masa ya ƙara daurewa don kunyar faɗa masa gaskiya.

Marini kuwa kwashe ramin yake yi. Laka-lakar da ta kwanta a ƙasa, wato katsi, ba ya zubar da ita. Ya dunƙula, ya shanya, ya ƙone. Tokar tana shiga sabon haɗi, kuma da katsin ake yin laso, simintin gargajiya da ake shafe cikin ramin da shi don kada ya yi yoyo. Ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa yana da nasa katsin: ya san wanda ba a ba bashi, ya san kayan da ke kwantai da damina, ya san uwar kuɗi ba ta shiga cefane. In ya samu jari na biyu, ko ƙanin matarsa ne ya zo karɓar kaya, sai an rubuta.