Gwajin Korona da Hukuncin Wanda Bai San Yana Ɗauke da Cuta Ba

Cikin gwaje-gwajen da aka yi a asibitoci lokacin annobar korona akwai iri biyu, kowanne da tambayar da yake amsawa. A na farko, wanda ake kira PCR, ana zura tsinke mai auduga can cikin hanci ko maƙogwaro, a lakato majina, a kai ɗakin gwaji. Na'ura ce ke riɓanya ɗan abin da aka samu na ƙwayar cutar har ya kai yadda za a gane shi. Masana a asibitin Charité na birnin Berlin, ƙarƙashin Christian Drosten, suna cikin waɗanda suka fara fitar da tsarinsa a Janairun 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yaɗa shi. Wannan gwaji yana faɗin ko cutar na jikin mutum a ranar da aka gwada shi. Na biyu kuwa jini ake ɗiba, a nemi sinadaran garkuwa da jiki ke ƙerawa idan ya yi karo da cutar, waɗanda likitoci ke kira IgM da IgG. Sukan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin su bayyana. Gwajin farko neman ɓarawo ne a cikin gida, na biyu duba sawunsa ne bayan gari ya waye.

Tambayar da aka fara kai wa malamai ita ce ta azumi, domin Ramadanan 2020 ya kama a ƙarshen Afrilu, annoba na kan ganiyarta. Ba ta yi wuyar warwarewa ba. Busasshen tsinke ba abinci ba ne, ba ya kuma isar da komai ciki, shi ya sa mafi yawan masu fatawa suka ce bai karya azumi, ciki har da Majalisar Malaman Indonesiya a fatawarta ta 2021. Ɗibar jini kuma an kwatanta ta da ƙaho, wanda a mazhabar Malikiyya ba ya karya azumi, ana dai ƙin sa ga wanda ake tsoron zai galabaita.

Mas'alar da ta fi nauyi ita ce ta mai ɗauke da cuta. Littattafan fiƙihu sun daɗe da sanin cewa ana iya nisanta mutum daga jama'a don kada ya cutar da su. Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa kuturta da cin tafarnuwa cikin uzurorin barin Juma'a da jam'i. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wata kuturwa tana ɗawafi, ya umarce ta da ta zauna a gida don kada ta cutar da mutane. Shi ne kuma ya juya da tawagarsa daga wani wuri da ake kira Sargu da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Sahabi Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddara, sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da ake annoba da kuma fita daga cikinsa.

Sai dai duk waɗannan misalai abubuwa ne na zahiri. Kuturta ido na ganin ta, tafarnuwa hanci na jin ta, garin da annoba ta faɗa wa kuma maƙabartarsa kan ba da labari. Korona ta zo da wani hali daban. Mutum na iya ɗauke da ita har kwana 14 kafin alama ta fito, wani ma ba za ta taɓa fitowa ba, alhali yana shiga sahu yana musafaha. Gwaji ne kaɗai ke fito da wannan ɓoyayyen hali fili, kuma da zarar ya fito, hukuncin mutumin ya sauya. Jiya ba shi da laifi don bai sani ba, yau zuwansa masallaci cutarwa ce da gangan.

Masu ƙin yarda da wannan suna da hujja mai ƙarfi. Ƙa'ida ce sananniya cewa shakka ba ta gusar da yaƙini. Wajabcin Juma'a yaƙini ne, lafiyar da mutum ke ji a jikinsa ita ma kusan haka, takardar ɗakin gwaji kuwa tana kuskure. Idan aka yi PCR da wuri, kafin ƙwayar ta yawaita, ko aka lakato majinar sama-sama, yakan wanke mai cuta. Yakan kuma ci gaba da nuna cutar makonni bayan warkewa, saboda ɓarɓashin matattun ƙwayoyi da suka rage. Amma tsakanin yaƙini da shakka akwai mataki na uku, wato zato mai rinjaye, kuma a kansa aka gina mafi yawan hukunce-hukuncen yau da kullum. Alƙali na yanke hukunci da shaidu biyu, alhali suna iya yin ƙarya. Matafiyi na yin ijtihadi ya fuskanci inda ya fi zaton alƙibla ce. Marar lafiya na ajiye azumi da maganar amintaccen likita. Sakamakon PCR da ya nuna cuta a jikin wanda ya yi cuɗanya da mai ita bai gaza waɗannan ƙarfi ba. Neman yaƙini tsantsa a nan kaɗai, bayan ba a neme shi a sauran wuraren ba, son zuciya ya fi kama da shi.

Gwajin jini bai kai wannan matsayi ba, ko da yake shi ne ya fi daɗi ga rai, don yana yi wa mutum albishir cewa ya riga ya haye. A ranar 24 ga Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi ƙasashen da ke shirin ba da takardar shaidar garkuwa cewa babu hujjar da ta tabbatar da wanda ya warke ba zai sake kamuwa ba, kuma nau'o'in cutar da suka ɓullo daga baya, musamman Omicron, sun kama mutane da yawa karo na biyu. Lissafi ma bai goyi bayan gwajin jinin ba inda cutar ba ta yawaita ba. A ɗauka gwaji yana kuskure a kan mutum 5 cikin 100 na waɗanda ba su taɓa kamuwa ba, a garin da mutum 5 cikin 100 kaɗai suka kamu. Idan aka gwada mutum 1,000, za a sami 50 na gaskiya, da kusan 48 na kuskure. Wanda aka ce yana da garkuwa a irin wannan gari, maganarsa rabi da rabi ce, wadda ita ce ainihin shakka a wurin malaman usulu, ba a kuma gina sassauci a kanta.

Amfanin gwajin jini na gaske a kan al'umma yake. Binciken da hukumar NCDC ta Nijeriya ta gudanar da abokan aikinta a watannin Satumba da Oktoban 2020 ya sami sinadaran garkuwa a jinin kashi 23 cikin 100 na waɗanda aka gwada a Legas da Inugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gwambe. Adadin ya ninka wanda gwajin hanci ya tabbatar nesa ba kusa ba. Da irin wannan ilimi shugaba zai auna buɗe masallatai da makarantu, amma ba ya ba wa mutum guda izinin ajiye takunkumi.

Saura tambayar ko wajibi ne mutum ya nemi sani. Da yawa sun guji gwaji don tsoron killacewa, da tsangwamar maƙwabta, da rasa abincin yini, kuma wannan tsoro na ƙarshe uzuri ne da nauyinsa ke wuyan hukuma. Wasu kuma ba su sami inda za a gwada su ba. A Kano, lokacin mace-macen Afrilun 2020, sai daga baya aka bi iyalan mamata da tambayoyi, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce kashi 50 zuwa 60 na mutum 979 da aka ƙirga mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Wanda bai sami gwaji ba, jahilcinsa uzuri ne. Hukuncin ya bambanta ga mai zazzaɓi da tari, wanda ya daina jin ƙamshi, asibiti na kusa da shi, ya ƙi zuwa don kada a faɗa masa abin da zuciyarsa ta riga ta raya masa. Malamai sun bambance jahilcin da ba a iya kauce masa da wanda mutum ya zaɓa wa kansa, kuma na biyun ba ya sauke alhakin wanda aka shafa wa cuta.

Shugaba na da ikon mayar da gwaji sharaɗi idan maslahar jama'a ta buƙata. Haka Saudiyya ta yi a Hajjin 2022, lokacin da ta sake karɓar alhazan ƙetare bayan shekara biyu. Ta taƙaita adadi a miliyan ɗaya, ta kuma sharɗanta wa kowane maniyyaci shekaru ƙasa da 65, da allurar rigakafi, da sakamakon PCR da aka yi cikin sa'o'i 72 kafin tashi.