Iri Ba Ya Tsiro A Cikin Tafin Hannu

A ƙarshen watan Maris, sa'ad da ƙurar hunturu ta kwanta, zafin bazara kuma ya kai iyakarsa, idanun mutanen Jos sukan koma sama. Hadari yakan haɗu da yamma a kan duwatsun Shere, ya yi ta rugugi, sa'an nan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Amma cikin watan Afrilu ruwan farko yakan sauka, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Nasarawa Gwom unguwa ce mai cunkoso, ba ta da manyan gonaki, duk da haka da wuya a rasa gidan da ba a tona wani ɗan lungu a bayan ɗaki ba. Inda babu fili, akan cika tsohon buhun siminti ko fasasshen bokiti da ƙasa, a zuba irin alayyafo, ko yakuwa, ko kuɓewa.

Akwai kuwa gidajen da lungun nan ya shekara biyu, wani ma biyar, ba wanda ya taɓa shi. Fartanya tana rataye inda mai ita ya bar ta. Hannun da ya saba riƙe ta ba ya nan, waɗanda suka rage kuma suna ganin kamar in sun ɗauke ta sun ci amanarsa. Saboda irin waɗannan gidaje ne aka rubuta wannan nazari.

Ba sai an koya wa mutumin Nasarawa Gwom ma'anar rashi ba. Rikicin da ya ɓarke a Jos ranar Jumma'a, 7 ga Satumba 2001, ya ci rayuka wajen 1,000 cikin kwanaki kaɗan. An sake yin wani a ranar 28 ga Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Na ranar Lahadi, 17 ga Janairu 2010, daga wajen Dutse Uku da Nasarawa Gwom ya taso. Kirista sun binne nasu, Musulmi ma sun binne nasu. Iyalai da yawa sun bar gidajen da aka haife su a ciki, suka koma inda suke ganin sun fi samun kwanciyar rai, maƙwabtan shekara talatin suka rabu ba sallama. Ban da wannan, ga rashin da ba ya shiga jarida: uwar da ciwo ya ɗauke, saurayin da hatsarin mota ya kashe a hanya, jaririn da bai kai ranar suna ba, da ɗan kasuwar da jarinsa ya ƙone sa'ad da babbar kasuwar Terminus ta kama wuta a watan Fabrairu 2002.

Maganar Allah ba ta hana kuka ba. Isra'ilawa sun yi kwana talatin suna makokin Musa a filayen Mowab. Ubangiji Yesu da kansa ya zub da hawaye a bakin kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi a ranar nan. Saboda haka mai ta'aziyyar da ke tsawata wa gwauruwa cewa hawayenta rashin bangaskiya ne, bai karanta Littafi Mai Tsarki da kyau ba. Abin da manzo Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa a kansa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, ba baƙin cikin kansa ba. Tambayar ita ce: yaushe mai makoki zai sāke kama aikin rayuwa, har ya yi dariya ba tare da lamirinsa ya kāshe shi ba?

Amsar da Zabura ta 126 ta bayar abin mamaki ce. Manomin da ta kwatanta bai jira hawayensa su bushe kafin ya fita ba. Yana tafiya yana kuka, iri kuwa yana hannunsa, yana zubawa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dalilin irin wannan kuka. Lokacin shuka shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kwanon hatsin da za a zuba a rami zai iya zama tuwon yara na daren nan, ba kuwa wanda ya ba manomi tabbacin cewa ruwa zai ɗore. Ya ɗauki abin da ya rage masa ya binne a ƙasa. In ya ce zai jira sai ransa ya yi sanyi, damina ba za ta jira shi ba. Ashe shuka da kuka suna iya tafiya tare, a rana ɗaya, cikin mutum ɗaya.

Manoman dankalin turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi sun san wani abu da ya kamata kowane mai makoki ya yi tunani a kai. Irin dankali shi ne dankalin kansa. Akan ajiye shi a inuwa har ya fid da tsiro, a binne shi a kunya da farkon damina. Bayan wata uku ko kusa da haka, in aka tona, sai a tarar da 'ya'ya sun kewaye gindin, uwar kuwa ta yamushe, wani lokaci ta ruɓe sarai, domin ta ba da dukan abin da ke cikinta. Wanda ya ji tausayin irin, ya bar shi a ɗaki, bai cece shi ba. Can ma zai yamushe, amma ba tare da ɗa ko ɗaya ba. Wannan ita ce gaskiyar da Yesu ya faɗa da misalin ƙwayar alkama a Yohanna 12:24, yana magana a kan mutuwarsa, ita ce kuma Bulus ya ɗauko a 1 Korintiyawa 15 don ya bayyana tashin matattu. Mai bi da aka sa a kabari ba a jefar da shi ba, an shuka shi ne. Iyalin da suka gaskata haka suna da dalilin buɗe hannu.

Sakin hannu ba mantuwa ba ne. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Gwauruwa takan ji tsoro cewa ranar da ta ci abinci ta ji daɗinsa, ko ta raira waƙa da murya a taron Zumuntar Mata, mutane za su ce ba ta ƙaunaci mijinta ba. Wani lokaci ma bakin dangin miji ne yake ɗaure ta, su waɗanda da an tambaye su kuɗin makarantar marayun sai su ɓace. Amma a dubi sarki Dawuda a 2 Sama'ila sura 12. Kwana bakwai yana azumi, yana kwance a ƙasa saboda yaronsa marar lafiya. Da yaron ya rasu, ya tashi, ya yi wanka, ya sāke tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, sa'an nan ya nemi abinci. Barorinsa suka ruɗe. Ya bayyana musu cewa yaron ba zai komo wurinsa ba, shi ne wata rana zai tafi wurin yaron. Dawuda bai manta da ɗansa ba. Ya dai daina kokawa da abin da ya riga ya fita daga hannunsa. Kyautar da rigar marigayi ga mabukaci, buɗe ɗakinsa don iska ta shiga, miƙa fartanyarsa ga ɗansa, duk waɗannan girmama shi ne, ba shafe sunansa ba.

Nassin da ya fi dacewa da iyalan da rikici ya tasa daga gidajensu shi ne wasiƙar annabi Irmiya, sura 29. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya da dattawa da masu sana'a daga Urushalima zuwa Babila. Mutanen nan sun rasa gida, sun rasa gona, sun rasa Haikali. Wani annabi mai suna Hananiya ya yi shela cewa cikin shekara biyu kome zai koma yadda yake a dā. Magana ce mai daɗi, amma ƙarya ce. Irmiya ya rubuta musu cewa zaman zai kai shekara saba'in, don haka su gina gidaje, su dasa lambuna su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu. Abin lura ne cewa Allah bai fara umartar masu baƙin cikin nan da wani babban aikin ibada ba. Lambu ya ce su yi. Mutum ba ya dasa kome a wurin da bai yarda zai kwana ba. Wanda ya sa iri a ƙasa ya amince ke nan cewa akwai gobe, a nan inda yake, ba a gidan da ya ƙone ba.

Sai dai wasiƙar ba ta tsaya a kan lambu ba. Ta ci gaba da abin da ya fi wuya: su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Birnin kuwa na waɗanda suka kwashe su ne. Ga mazaunin Jos wannan magana ba ta da sauƙi, ba kuwa daidai ba ne a yi kamar tana da sauƙi. Neman adalci hakki ne. An kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi bayan rikicin 2001, da na Bola Ajibola bayan na 2008, iyalai da yawa kuwa ba su taɓa ganin an hukunta wanda ya kashe nasu ba. Ikilisiya ba za ta gaji da tuna wa hukuma aikinta ba. Amma neman adalci dabam, renon ƙiyayya dabam. Wasiƙar Ibraniyawa ta kira wannan ƙiyayya saiwar ɗaci, manomi kuma ya san irinta a gonarsa, wato tofa. Ana sa wa tofa wuta da rani, fili ya yi baƙi ƙirin kamar an gama da ita, amma da ruwan farko sai ta fito kore shar, ta fi dā ƙarfi, domin saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa inda wuta ba ta kaiwa. Ba ta mutuwa sai an durƙusa an tono ta, a sāke tonowa, damina bayan damina. Yaron da aka haifa bayan 2010 bai ga rikicin ba, amma in kowane dare abin da yake ji a bakin iyayensa shi ne sunayen waɗanda za a rama wa, to, an riga an dasa masa tofa a zuciya.

Kasuwar Farin Gada ma tana da nata wa'azin. Kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodawa a can zuwa kudancin ƙasar nan suna bi ta hannun Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da sauran kabilu kafin su kai tukunya. Da yawa daga cikinsu an shayar da su ne da ruwan kogin Dilimi, ko na tafkunan da haƙar kuza ta bari. Tafkunan nan raunuka ne da kamfanonin ma'adinai suka yi wa ƙasar Filato tun zamanin Turawa, sun ci dabbobi, sun ci yara. Ba wanda zai ce haƙa su alheri ne. Amma yau da ruwansu ake noman rani. Haka kuma manoman lambu na Jos sun daɗe suna sayen tokar bola don su gyara ƙasarsu. Wannan bai mai da wuta abu mai kyau ba, bai kuma ba kowa izinin ce wa wanda ya yi rashi "ai alheri ne" ba. Ya dai nuna cewa Allah yana iya fid da abinci daga wurin da mutum ya ɓata.

Farin cikin da ke dawowa bayan rashi ba ya zuwa da ganga. Yakan zo ƙanana ƙanana, kamar ƙwayar acca. Safiyar da aka leƙa aka ga ganye biyu sun fasa ƙasa. Jikan da ya zuba wa shuka ruwa har ya jiƙa rigarsa. Gwaten da aka dafa da yakuwar bayan ɗaki, aka aika wa maƙwabciya kwano ɗaya. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne a gaban Allah. Littafin Mai-Wa'azi ya kira ci da sha da jin daɗin aikin hannu kyauta daga wurinsa. Ranar baƙin ciki za ta sāke zuwa, musamman ranar tunawa ko lokacin Kirsimati, kamar yadda ruwa yakan ɗauke mako biyu bayan an yi shuka. Manomi ba ya tone irinsa saboda haka. In ma tsiron ya ƙone, yakan sāke shukawa.

Ba banza ba ne bikin Ista yake faɗuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, daidai lokacin da Jos take jiran ruwa. Yohanna ya rubuta cewa kabarin da aka sa Yesu a cikin lambu yake. Maryamu Magadaliya ta je can da asuba tana kuka, tana neman gawa. Da ta ga Ubangiji a tsaye, sai ta zaci mai lambun ne, ba ta gane shi ba sai da ya kira sunanta. Ta so ta riƙe shi, amma ya hana ta, ya aike ta wurin 'yan'uwansa da labari. Ko ita, a safiyar tashin matattu, sai da ta koyi sakin hannu kafin ta zama mai kai bishara ta fari.

Aikin ikilisiya a nan a fili yake. Gidan makoki yakan cika maƙil a makon farko, a wata na uku kuwa ba a jin sallamar kowa, alhali a lokacin ne kaɗaici yake fara cizo. Dattawa da matan zumunta da matasa za su yi kyau in sun rubuta sunayen gidajen da aka yi rashi a bara, su koma musu da farkon damina. Ba lalle sai da doguwar huɗuba ba. Ya isa matasa biyu su tona lungun bayan ɗaki, wata 'yar'uwa kuma ta kwance bakin zanenta ta ce, "Mama, ga ɗan irin alayyafo, a gwada ko zai yi." Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, don haka akan gauraya shi da yashi kafin a watsa, a rufe da ƙasa kaɗan, a kuma kāre shi da ƙaya saboda kaji. In ruwa ya samu, cikin mako huɗu ko biyar za a fara tsinka.