Ajalin Batir: Ƙaddara Ce ko Sakaci?

Idan batirin sabuwar salula ya raunana tun shekara ba ta zagayo ba, mai ita yakan ce haka Allah Ya ƙaddara, kuma gaskiya ya faɗa, domin babu abin halitta da zai tsere wa fana'i. Sai dai malaman tauhidi na Ash'ariyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Agadas, sun tabbatar wa bawa kasabi, wato alhakin aikinsa, sun kuma karantar cewa Ubangiji Yana gudanar da al'amura a kan sabubba bisa al'ada.

Sabubban nan kuwa sanannu ne. Batirin litiyam yana tsufa da wuri idan aka bar shi ya ƙare ƙaf, ko ya kwana a cike bisa caji, alhali matsakaicin hali, tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari, yana jinkirta lalacewarsa. Zafi ya fi duka ɓarna, musamman a Agadas, inda zafin watan Mayu ke wuce digiri 40. Wanda ya ajiye wayarsa a rumfar mai caji a kasuwa, rana na dukanta har la'asar, ina ganin ya tozarta amanar dukiya, kuma sunan wannan a wajen fuƙaha'u tafriɗi, wato sakaci.