Ina Goɗiyar Take Yanzu?

'Yar'uwa, ran nan ƙanwata ta miƙo mini waya tana ƙyalƙyala dariya, wai in kalli wani bidiyo a TikTok. Goɗiya ce aka kai wa ingarma barbara, samari sun kewaye suna ihu da tafi. Ko minti biyu ba a yi ba aka gama. Na ce da ita, to ina goɗiyar take yanzu? Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Oho, Yaya, wa ya sani."

Ni kuwa na sani, don a Kazage na tashi, ƙasar Birnin Gwari, kuma maƙwabcinmu yana da goɗiya a turke tun kafin ɓarayin daji su hana mutanen wajen kiwo. Ranar barbara ba komai ba ce, aikin yana gaba. Bayan kamar mako uku a sake kai ta kusa da ingarman. In ta noƙe kunnuwa ta kai masa harbi, sai a sa rai ta ɗauka. In ta tsaya masa, an koma farko ke nan. Daga nan sai jira, wata goma sha ɗaya cur, kwana 340 ko kusa da haka. Ba sukuwa, ba kaya mai nauyi in ciki ya tsufa. A wata ukun ƙarshe ne ɗan ke yin yawancin girmansa, don haka dole a ƙara mata dusa da harawa, ga kanwa, ga ruwa mai tsabta safe da yamma. Galibi da dare take haihuwa, kuma cikin awa ɗaya ko biyu duƙushin zai miƙe ya nemi dakashi, wanda in ya rasa shi da wuya ya yi ƙwari.

Wa kike jin ya yi wannan wahala? Matar gidan ce. Ita ke jiƙa dusa, ita ke tashi cikin dare in ta ji motsi a turke. Amma da duƙushin ya zama doki aka fita hawan sallah, sunan maigida maroƙa suka kira.

Wasu za su ce laifin bidiyon rashin kunya ne kawai. Ni abin da ya fi damuna daban ne: ido yana sabawa da abin da ake yi wa tafi, har zuciya ta ɗauka shi ne mai daraja. Dubi bikin aurenmu. Ranar kamu da ranar kai amarya waya ɗari na haska ta. Bayan wata bakwai tana tsugune bakin murhu, ƙafafu a kumbure, kuɗin awo ma sai ta roƙa, masu wayoyin nan duk sun koma wani bikin.

Ƙanwar tawa saura wata biyu aurenta. Da na gaya mata haka sai ta yi shiru, ta kife wayar a kan tabarma, can ta ce, "Yaya, ke wa ya kula da ke a cikinki na fari?"