Bayan An Kashe Macijiya, Kowa Jarumi Ne

A ce wani ya dasa eriya cikin tayar mota domin ta riƙa sanar da direba yawan iskar da ke ciki, ya nemi a mallaka masa wannan dabara. Abokan hamayya su ce ai eriya tsohuwa ce, taya ma haka, haɗa su kowa zai iya. Wa ke da gaskiya?

Dokar Nijeriya ta 1970 tana kare mai ƙirƙira shekara 20, muddin abin da ya kawo bai kasance a fili ga masu sana'ar ba. To, amma dabara da zarar an gan ta, sai ta zama kamar wasa.

Mu tuna labarin Kusugu. Mutanen Daura ba sa samun ruwa sai ranar Juma'a. Da macijiya ta mutu, masu da'awar kisanta suka yawaita, Bayajidda kaɗai ya fito da kanta. Saboda haka mu tambayi mai raina dabara: in da sauƙi, me ya hana ka tun jiya?

Duk da haka, lada aka ba Bayajidda, rijiya ta ci gaba da zama ta jama'a. Mu marubuta ma, mu yaba wa wanda ya fara, kada kuma ya hana na baya ɗiba.