Mudu Ɗaya, Kasuwa Daban-Daban

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. To, amma shi wanda aka tambaya fa, wane hakki yake da shi a kan mai tambayar? Wannan shi ne abin da muke son mu duba tare da 'yan'uwa marubuta.

Tun shekarar 2000 aka soma wani bincike a Amurka mai suna NSSE, ƙarƙashin Jami'ar Indiyana. Ana tambayar ɗaliban shekarar farko da na ƙarshe awa nawa suke nazari a mako, sau nawa suke yin tambaya a aji, sau nawa suke tattaunawa da malami bayan darasi. Daga nan sai kowace jami'a ta gwada sakamakonta da na takwarorinta. Birtaniya ma ta soma irin nata a 2005. Hikimar abin a fili take, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wanda ya san ɗakin jami'a kamar ɗalibi.

Yanzu mu ɗauka an kawo wannan takarda Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013. A tambayi ɗaliba sau nawa take zama a laburare har dare. Idan ta ce ba ta zama, alƙalami zai rubuta ƙarancin himma. Alƙalamin ba zai rubuta cewa a watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, sun tafi da ɗalibai mata ba. Haka ɗalibin kwalejin koyon aikin lafiya ta Tsafe, wanda yake lissafin faɗuwar rana kafin ya hau hanyar Gusau. Da kuma a watan Satumba na 2021 aka aiko da tambayoyin ta intanet, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, da sai a ce ɗalibanmu sun ƙi amsawa.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san cewa mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba. A nan kuwa mudun ɗaya ne, gonakin ne ba su sami ruwa daidai ba. Idan aka jera sakamakon Gusau kusa da na jami'ar da ɗalibanta ke kwana cikin natsuwa, aka ce wancan ya fi wannan, an faɗi gaskiyar lissafi, an kuma zalunci mutum.

Wani zai ce to a bar gwadawar mana, a huta. Mu ba mu yarda ba. Ɓoye sakamako ba ya amfanar ɗalibi, sai dai ya rufa wa mai sakaci asiri. Yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022 ya shafi jami'o'in tarayya baki ɗaya, amma tsoron hanya bai shafe su daidai ba, kuma gwadawa ce kaɗai za ta nuna wannan bambanci. Abin da muke nema shi ne a haɗa kowace tambaya da 'yar'uwarta. In an ce sau nawa kika je, a ƙara da me ya hana ki zuwa. Sa'annan a ɗora nauyin sakamakon a kan hukuma, wadda ke da ikon gina ɗakin kwana da samar da tsaro.

Amsar ɗalibi amana ce. Wanda ya karɓe ta ya jefa a durowa ya ci amana, kuma gobe in ya dawo da wata takardar, ɗalibai za su cike ta da abin da suke jin yana son gani.

Mu marubuta muna da rabonmu cikin wannan nauyi. Abin da akwatin amsa ba zai ɗauka ba, gajeren labari zai ɗauka. Mu je mu zauna da waɗannan ɗalibai, mu saurare su kafin mu ɗauki alƙalami. Allah Ya sa mu dace.